Me ya sa kwinin ke ƙyalli, kuma me ake yi da shi a asibiti da ɗakin gwaji?

"Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar POS a Gusau, kuma ina da 'yar fitilar nan mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi. Ran nan da daddare na zuba ruwan tonik a kofin gilashi, fitilar na kunne a gefe, sai na ga ruwan ya kama shuɗin haske kamar an kunna wuta a cikinsa. Da na duba jikin kwalbar sai na ga an rubuta akwai kwinin. Shin kwinin ɗin nan ne da aka taɓa sa wa mahaifiyata a ƙarin ruwa har ta kwana uku kunnenta na ƙara? Wannan hasken ba ya cutarwa? Idan kuma shi ne, zan iya shan tonik in na ji zazzaɓi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Idan na fahimce ka, kana son sanin ko kwinin na cikin kwalba da na cikin ledar ƙarin ruwa abu ɗaya ne, ko shuɗin hasken alamar cuta ce, sannan ko tonik zai tsaya maka a matsayin maganin zazzaɓi. Na farko, e, shi ne ba wani ba. Na biyu, a'a. Na uku ma a'a, kuma a nan nake so ka fi riƙe maganata. Ni aikina harhaɗa magunguna ne. Na yi shekaru a ɗakin magani na asibiti kafin na koma koya wa ɗalibai yadda ake auna ingancin magani, kuma abin da ka gani da fitilar duba kuɗi shi nake fara nuna musu duk shekara. Tsakanin kofinka da ledar ruwan Mama sinadarin ɗaya ne, yawansa ne ya bambanta. Shi kuwa hasken, babban amfaninsa a wurinmu shi ne yana faɗa mana yawan.

Asalinsa sassaƙe ne

Kwinin daga ɓawon wani itace ya fito, sunansa sinkona, wanda ke tsirowa a gangaren duwatsun Andes na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. A cikin shekarun 1630 ne limaman Kirista 'yan ƙungiyar Jesuit suka fara kai garin ɓawon Turai don maganin zazzaɓi. Kusan shekara 200 aka yi ana daka shi ana jiƙawa ana sha, kamar yadda ake jiƙon sassaƙe a gidajenmu, kuma matsalarsa ita ce matsalar kowane jiƙo: wannan ɓawon ya yi ƙarfi, wancan ba shi da komai, mai sha bai san wanne ya samu ba. Sai a 1820 wasu masu harhaɗa magani biyu a birnin Paris, Pelletier da Caventou, suka tsamo ainihin sinadarin shi kaɗai. Daga ranar aka samu abin da za a ɗora a sikeli a ce ga nauyin da mutum zai sha.

Yana cikin dangin sinadaran da ake kira alkaloyid, wato waɗanda tsirrai ke haɗawa masu ɗauke da naitirojin, galibinsu masu ɗaci da tasiri mai ƙarfi a jiki. Abin da ke hana ka barci a cikin goro da gahawa ɗan wannan dangi ne, haka nikotin na cikin taba. Bari in tare wata fahimta tun daga nan, don na sha jin ta: maɗaci da dogon yaro babu kwinin a cikinsu. Ɗacinsu daga wasu sinadarai ne na daban. Ɗaci ba shaida ba ce.

Akwai wani mutum da nake ganin ya kamata a riƙa ambaton sunansa duk lokacin da aka yi zancen kwinin, Manuel Incra Mamani, ɗan asalin Bolibiya. Shi ya gane nau'in itacen da ya fi kowanne yawan kwinin, ya tattara irinsa a 1865 ya ba wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Charles Ledger. Gwamnatin Holan ta sayi wani ɓangare ta shuka a tsibirin Jaba na Indunisiya, har ta kai sama da kashi 90 cikin 100 na kwinin duniya daga can yake fitowa. Shi kuwa Mamani kama shi aka yi daga baya saboda fitar da irin, aka lakaɗa masa duka, ya rasu a 1871. Da Japan ta mamaye Jaba a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai kwinin ya yanke wa sojojin ƙawance, abin da ya sa aka duƙufa neman madadinsa. A 1944 Woodward da Doering a Amurka suka nuna hanyar haɗa shi a ɗakin gwaji, amma har gobe tsamo shi daga ɓawo ya fi araha, kuma yanzu yankin Bukavu na gabashin Kwango na cikin manyan wuraren da ake noman itacen.

Mu ma nan tarihinmu ya gamu da shi. Ayarin Turawan da ya shigo kogin Neja a 1841 zazzaɓi ya yi masa mummunar ɓarna. A 1854 wani likita, William Baikie, ya shigo Neja ya hau Binuwai a jirgin ruwa mai suna Pleiad, ya tilasta wa Turawan da ke tare da shi shan kwinin kullum, suka yi kusan wata huɗu a kogin suka fita ba a rasa rai ba. Baikie ya zauna a Lakwaja daga baya, ya koyi Hausa, har ya zo Kano a 1862. A wannan Lakwajar ce Lugga ya kafa tutar mulkin mallaka a ranar 1 ga Janairun 1900. Ba zan ce kwinin ne ya ci ƙasar Hausa ba, bindiga ce ta ci ta. Amma shi ya sa Bature ya iya kwana a bakin kogi ya wayi gari da ƙafarsa.

Abin da ya faru a cikin kofinka

Fitilar duba kuɗi tana fitar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda ake kira ultirabayolet, a taƙaice UV. Ɗan shuɗin da kake gani a bakin fitilar ragowa ce kawai, yawancin haskenta a ɓoye yake. Shi wannan ɓoyayyen haske ya fi wanda muke gani ƙarfi. Idan ya faɗa kan ƙwayar kwinin, wato mafi ƙanƙantar ɓurɓushin sinadarin da ido ba ya gani, sai ta haɗiye shi, ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta mayar da shi waje. Sai dai ba ta mayar da shi cif.

Tunda POS kake yi, ga misali daga teburinka. Mutum ya turo maka dubu goma, ka cire cajinka, ka miƙa masa abin da ya rage. Haka kwinin ke yi. Yana karɓar haske mai tsawon zango kimanin nanomita 350 (ma'aunin haske ne, kuma gajeren zango ya fi dogo ƙarfi), ya cire ɗan cajinsa ya zubar a matsayin zafi, ya miƙo mai kimanin nanomita 450. Da ƙarfin ya ragu sai hasken ya sauko cikin iyakar abin da ido ke iya gani, kuma daidai wurin shuɗi ya faɗo. Duk wannan karɓa da miƙawa na ƙarewa ne a cikin kimanin kashi 20 cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa kana kashe fitilar ruwan ke komawa fari fes. Ka ga ya bambanta da carbin nan mai haske, wanda za ka shanya a rana ya kwana yana haskawa a ɗaki. Shi ajiye hasken yake yana saki a hankali. Kwinin ba ya ajiya.

To ruwan bai ƙirƙiri komai ba, bai kuma canza ba. Babu wata tururuwar guba ko wani abu mai ƙona ciki. Alamomin da ke bayyana a jikin takardar kuɗi a ƙarƙashin fitilarka irin wannan aikin suke yi. Farar shadda da aka wanke da garin sabulu ma za ka ga tana ɗaukar shuɗi-shuɗi, don ana zuba wa sabulun sinadarin da ke yin haka da gangan. Idan akwai abin kiyayewa a nan, fitilar ce: kada ka riƙa ƙura mata ido kai tsaye, kada kuma yara su mayar da ita abin wasa.

Abin da ka gani da idonka, wani masanin taurari na Ingila, John Herschel, ya rubuta shi a 1845. Ya riƙe ruwan kwinin marar launi a hasken rana, ya ga saman ruwan na ba da shuɗi irin na sararin sama. A 1852 George Stokes a Kambirij ya bi diddigin abin da wani gwaji da nake matuƙar so. Ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya fito launi-launi kamar bakan gizo, sannan ya ɗauki kwalbar ruwan kwinin yana ratsa launukan da ita. A ja babu komai, a rawaya da kore babu komai. Sai da ya wuce launi na ƙarshe ya shiga wurin da ido ke ganin duhu ne kawai, nan kwalbar ta kama haske. A wannan aiki ne ya raɗa wa abin suna fuloresans, wato ƙyalli, ya kuma kafa ƙa'idar cewa hasken da ke fitowa ya fi wanda ya shiga rauni, wato cajin nan da na ce maka.

Ga gwajin da za ka iya yi a shagonka yau. Zuba tonik a kofi biyu, ka kashe wutar ɗaki ka kunna fitilar. Ka barbaɗa gishirin miya rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya ka juya. Kana kallo hasken zai dusashe har ya kusa mutuwa, na ɗayan kofin na nan ras. Kwinin bai je ko'ina ba, ɗacinsa ma na nan. Sinadarin kulorayid na cikin gishiri ne ke karo da ƙwayar kwinin a daidai lokacin da take riƙe da haske, ya ƙwace ƙarfin kafin ta miƙo shi. Duk shekara idan na yi wannan a gaban aji, sai ɗakin ya yi tsit, sannan wani ya ce, "Malam a sake." Ban taɓa ƙin sakewa ba.

Hasken a matsayin ma'auni

A nan gizo ke saƙar. Idan ruwan ya tsinke sosai, ƙarfin shuɗin yana tafiya daidai da yawan kwinin: ka ninka kwinin, haske ya ninku. Saboda haka muna haɗa ruwa biyar ko shida da muka san adadin da ke cikin kowanne, mu sa su a na'urar da ke auna ƙyalli, mu zana layi. Sai mu daka ƙwayar maganin da muke tuhuma, mu narkar da ita a ruwan asid na salfa mai rauni, mu tsinka, mu auna. Inda haskenta ya faɗa a kan layin, nan ne gaskiyar abin da ke cikinta, ko me aka rubuta a kwalin. Hanyar na da kaifin da za ta gano kwinin ko da 'yan kashi kaɗan ne cikin biliyan, don kana auna haske ne a kan duhu, kamar yadda ake hango fitilar mai shayi daga nesa da daddare.

Masu farautar jabun magunguna ma na amfani da wannan. Akwai akwatin gwaji na tafi-da-gidanka da ake kira Minilab, wanda ake ɗiga narkakken magani a kan wani farin faranti, a bar ruwa ya ja shi sama, sannan a haska da fitilar UV a kwatanta ɗigon da na magani na gaskiya. Na taɓa duba wasu ƙwayoyi da aka kawo mana daga wani shagon magani, kwali mai kyau, rubutu tsaf. Ɗigon na gaskiya ya fito shuɗi ɓaro-ɓaro, nasu kuwa da ƙyar ake ganin inuwarsa. Da muka ɗanɗana gefen ƙwayar akwai ɗaci, wato an bar ɗan abin da zai yaudari harshe. Ranar na daɗe ina tunanin uwar da za ta ɗura wa ɗanta wannan har kwana bakwai tana jiran sauƙi.

Amma kada ka ɗauki fitilarka ka ce za ka riƙa tantance magani da ita. Allurar kwinin da ke cikin 'yar kwalba tana da kauri ƙwarai, miligiram 300 a kowace mililita, kuma nau'in da ake yin allura da shi yana ɗauke da kulorayid a jikinsa. Ruwa mai kauri haka yana shanye hasken tun a bakin gilashi, kulorayid kuma ya danne sauran. Sai magani mai kyau ya ƙi haske, wani abin banza kuma ya haska. Sai an tsinka shi yadda ya dace, da asid ɗin da ya dace, kafin hasken ya zama shaida.

Saboda ƙyallinsa ba ya sauyawa barkatai, kuma yana da araha da sauƙin tsarkakewa, kwinin ya zama mudun awo na wannan fanni baki ɗaya. An auna cewa a cikin ruwan asid na salfa, daga kowace ƙwayar haske 100 da ya haɗiye yana mayar da kimanin 55. Duk wanda ya haɗa sabon sinadari mai ƙyalli a ko'ina a duniya, yawanci da kwinin zai gwada shi ya ce nawa ya kai kaza. Hukumar ma'aunai ta Amurka har sayar da tataccen kwinin ta yi don daidaita na'urori. Masu binciken ruwan koguna da teku kuma, idan suna auna ruɓaɓɓun abubuwan da suka narke a ruwa, da ma'aunin kwinin suke bayyana sakamakonsu.

Ita kanta na'urar tana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kwinin ya yanke, Bernard Brodie da Sidney Udenfriend a birnin New York sun yi amfani da ƙyalli wajen auna yawan maganin zazzaɓi a cikin jinin mutane, aka gyara yadda ake ba sojoji maganin atabirin. Daga wannan layi ne Robert Bowman ya ƙera na'urar da ta shiga kasuwa a 1956, wadda aka riƙa auna sinadaran ƙwaƙwalwa irin su serotonin da ita.

Sauran ayyukansa a kimiyya zan ratsa su da sauri. Masu binciken ɗanɗano da shi suke gwada jin ɗaci. Masu haɗa sinadarai na amfani da shi da ɗan'uwansa kwinidin wajen tilasta wa haɗi ya fito ta siffa ɗaya, kamar a ce takalmin ƙafar dama kawai ake so ban da na hagu, kuma aikin Barry Sharpless da ya ci kyautar Nobel a 2001 ya haɗa da wannan. Ko rinin zamani ma ta dalilinsa aka faro shi: William Perkin na ɗan shekara 18 yana ƙoƙarin haɗa kwinin a 1856, haɗin ya ƙi, ya fito da rini mai launin shunayya. Ba kuma shi kaɗai ne alkaloyid mai ƙyalli ba. Akwai berberin mai ba da rawaya, wanda ake rina wasu ƙwayoyin jiki da shi don a gan su a madubin likita, akwai kuma harmin na cikin tsiron harmal.

A gadon asibiti

Ƙwayar cutar maleriya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta riƙa cin abin da ke cikinsu. A cikin abincin akwai wani ɓangare mai ƙarfe da ke zame mata guba, don haka sai ta dunƙule shi ya zama tsakuwa marar cutarwa. Bayanin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne kwinin yana hana wannan dunƙulewa, gubar ta taru ta kashe ta. Yana aiki, kuma bayan ɗaruruwan shekaru har yanzu yana aiki a Afirka. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce.

Abin da ya sami Mama sananne ne, har suna gare shi, sinkonizim, daga sunan itacen. Kunne ya riƙa ƙara ko ya toshe, ga jiri, ga ciwon kai da tashin zuciya, wani lokaci gani ya dushe. Yana faruwa ko da adadin daidai ne, kuma yawanci yana washewa bayan an gama maganin. Illar da ta fi ba mu tsoro a asibiti ita ce faɗuwar sukari, don kwinin yana zuga jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, kuma abin ya fi tsanani ga mata masu juna biyu. Ina tuna wata baiwar Allah mai ciki wata bakwai da aka sa wa kwinin a ƙarin ruwa. Zazzaɓin ya fara sauka, tana magana da 'yar'uwarta, can cikin dare sai gumi ya keto mata, ta daina amsa kira. 'Yan'uwa suka ɗauka ciwon ne ya hau kai, aka fara salati. Wata ma'aikaciyar jinya mai nutsuwa ta huda yatsarta ta auna sukari, ta same shi a ƙasa ƙwarai. Aka tura mata ruwan sukari ta jijiya, cikin 'yan mintuna ta buɗe ido ta nemi ruwa. Tun daga ranar ban sake miƙa kwalbar kwinin daga tagar ɗakin magani ba sai na tambayi ko akwai abin auna sukari a ɗakin da za a kai ta.

Yana kuma iya rikita bugun zuciya. Shi ya sa ba a taɓa tura shi cikin jijiya kai tsaye da sirinji. Sai an tsinka shi a ledar ruwa ya riƙa ɗiga a hankali na tsawon kimanin awa 4. Idan dole ta sa a yi shi a tsoka, ƙa'ida ita ce a tsinka a yi a gaban cinya. Allurar da ake caka wa yara a ɗuwawu a shagunan kemis tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa ko ta yi ƙurji, kuma na ga yaran da suka taso suna jan ƙafa saboda haka. Wanda ya sha fiye da kima kuma yana iya makancewa ko ya rasa ransa. Akwai ma wata tsohuwar cuta da aka sani tun zamanin Turawan mulki, wadda jini ke fashewa fitsari ya koma baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, an danganta ta da shan kwinin yau a sha gobe a bari.

Saboda duk wannan, da aka samu wanda ya fi shi, sai ya koma layi na biyu. Maganin atesunet ya samo asali ne daga wani tsiro na ƙasar Sin dangin tazargade, wanda Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda aikinta a kansa. An gwada su kai da kai a kan masu zazzaɓi mai tsanani. A Asiya, a sakamakon da aka fitar a 2005, kashi 22 cikin 100 na waɗanda aka ba kwinin sun rasu, na atesunet kashi 15. A Afirka aka gwada a kan yara 5,425 a ƙasashe 9, har da Najeriya a Ilorin, aka fitar da sakamako a 2010: kashi 10.9 a ɓangaren kwinin, kashi 8.5 a ɓangaren atesunet. Bambancin kamar kaɗan ne a takarda, amma ka lissafa shi da yawan yaran da ake kwantarwa kowace damina. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allurar atesunet a gaba ga yara da manya da masu ciki, kwinin sai idan ba a samu ba. A da kwinin tare da kilindamaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ake ba mai ciki a wata ukun farko idan zazzaɓin bai tsananta ba, amma a 2022 hukumar ta mayar da haɗin atemita da lumefantirin a gaba a nan ma. Ra'ayina shi ne wannan sauyi alheri ne, ko don cewa mutane ƙalilan ne ke iya jure kwana 7 na ɗaci da ƙarar kunne ba su yar da maganin a kwana na uku ba.

Zancen da ake yi cewa kwinin na zubar da ciki kuwa, a adadin da likita ke bayarwa an daɗe ana amfani da shi ga masu ciki, kuma zazzaɓin da aka bari ba magani shi ya fi barazana ga uwa da abin da ke cikinta. Matan da ke haɗiyar ƙwayoyi da yawa da wata niyya kuwa, idanunsu da zuciyarsu suke sa wa a haɗari.

Bayan maleriya, ana haɗa shi da kilindamaisin a wata cutar jini da kaska ke yaɗawa mai suna babesiya. An daɗe kuma ana shan sa don ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, amma hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da shi barkatai don wannan tun 1994, ta sake gargaɗi a 2010, saboda a wasu mutane yana rushe ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini.

To tonik fa?

Asalin tonik dabara ce ta Turawan Ingila a Indiya, suna haɗa kwinin da sukari da ruwa mai gas don ya shawu. Na yanzu ɗanɗano kawai aka bar masa. A Amurka doka ba ta yarda ya wuce miligiram 83 a lita ɗaya ba, kuma na sauran ƙasashe ma a wannan kewayen yake. Babban mutum mai maleriya kuwa ana ba shi miligiram 600 sau uku a rana har kwana 7. Ka buga lissafin: sai ka shanye fiye da jarka guda ta mai ruwa mai lita 20, kowace rana, mako guda cur, kafin ka kai adadin magani. Sukarin da ke ciki kaɗai ya isa ya kwantar da kai. Ƙarfin hasken ne ya sa ka ɗauka kwinin ɗin na da yawa, alhali ɗan mitsitsi ya isa ya haska kofi.

Kwalba ɗaya jefi-jefi ba ta da laifi ga mai lafiya. Wanda ya taɓa samun ƙuraje, kumburi ko zubar jini bayan shan kwinin ya guje shi gaba ɗaya, don irin wannan rashin jituwa ba ta buƙatar adadi mai yawa. Mai ciki, da mai ciwon zuciya da ke kan magani, da mai ciwon sukari, su ma gara su bar shi.

Daga nan inda nake ba zan iya duba ka ko in rubuta maka magani ba, wannan aikin wanda zai gan ka ido da ido ne. Abin da zan ce shi ne, in ka ji zazzaɓi ka je a huda yatsa a yi gwajin nan na minti 15, don ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Idan ita ce kuma ba ta tsananta ba, haɗin maganin nan na kwana uku ne, a sha shi da abinci mai ɗan maiƙo, a kuma ƙarasa shi ko an ji sauƙi. Idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tada shi, asibiti za a nufa a daren, ba kemis ba. Ita kuma Mama, duk ranar da aka sake kwantar da ita, ka gaya wa likita an taɓa sa mata kwinin da yadda ta ji, ka kuma tambaya ko akwai atesunet.